Tambayoyi da amsoshi kan ƙera ƙaramin kan jirgin ƙasa mai siffar taraktar tururi

Wane irin kan jirgi ne wannan, kuma da gaske an taɓa yin aiki da shi?

An yi aiki da shi na tsawon shekaru masu yawa. Taraktar tururi inji ce mai tafiya a kan hanya da cikin gona, wadda aka ɗora silindarta da kiranshaf (sandar da ke mayar da kai-komon fistan zuwa juyi) da babbar ƙafar juyi, wato filawil, a bisa tukunyar tururinta, sannan giya ko sarƙa ta kai ƙarfin zuwa ƙafafun baya. Idan aka cire mata sitiyari, aka kafe aksul na gaba, wato sandar da ke riƙe ƙafafun gaba, don kada ya karkata, aka sa mata ƙafafu masu leɓe da za su kama dogo, aka kuma ƙara katako mai kauri gaba da baya don tura taragu, to ta zama kan jirgi. Kamfanin Aveling & Porter da ke Rochester a yankin Kent na Ingila shi ne ya fi shahara da irin wannan, domin tun cikin shekarun 1860 yake ƙera su sababbi don masana'antun siminti da na bulo da ma'aikatun gyaran jiragen ruwa, inda ake bukatar abu mai araha da zai ja taragu kaɗan a ɗan gajeren layi. A dazukan Ostareliya da Niyuzilan kuwa, masu injin yankan katako kan ɗauki tsohuwar tarakta su mayar da ita kan dogo da kansu, da duk ƙarfen da ya zo hannu.

Waɗanne ne ake iya gani har yanzu, don a samu abin koyi?

Uku sun fi dacewa a fara da su. Na farko shi ne mai lamba 807 na shekarar 1872, wanda ya yi aiki a layin Brill a Buckinghamshire, wani ɗan layi mai tsawon kusan mil 6 da ya haɗa Brill da tashar Quainton Road. Silinda ɗaya gare shi, sarƙa ke jan ƙafafunsa, kuma ƙarar sarƙar ce ta sa mutanen yankin suka laƙaba masa suna. Yanzu yana hannun gidan tarihin sufuri na Landan. Na biyu shi ne Sirapite, mai lamba 6158 na 1906, wanda aka ƙera don ma'adinar jifsam ta Mountfield a Sussex, daga baya kamfanin Richard Garrett na Leiston ya saye shi a 1929, kuma yana gidan tarihin Long Shop a garin. Shi silinda biyu gare shi, giya ce kuma ke jan dukkan ƙafafunsa huɗu. Na uku shi ne The Blue Circle, mai lamba 9449 na 1926, wanda ya yi aiki a masana'antar siminti ta Holborough a Kent. Manyan ƙafafunsa biyu na baya ne kaɗai ke ja, kuma cikin ukun shi ya fi kama da tarakta ta kan hanya, har wanda bai san jiragen ƙasa ba zai gane asalinsa da kallo ɗaya.

Shin wannan aiki ya dace da wanda bai taɓa ƙera kan jirgi daga tushe ba?

Ya dace, amma da sharaɗi. Sauƙinsa shi ne ƙafafu huɗu ne kawai, babu sandunan da ke haɗa ƙafa da ƙafa a gefe, waɗanda daidaita su ke ba sabon hannu wahala ƙwarai, kuma yawanci babu rufaffen ɗakin direba mai lanƙwashe-lanƙwashe. Wahalarsa kuwa ita ce komai a fili yake. A kan jirgi na yau da kullum akwai tankunan ruwa da faffadan gangar jiki da ke rufe injin lantarkin da ke tafiyar da ƙaramin jirgin da wayoyi da ƙananan kurakurai, amma a nan tukunya ce siririya, da akwatin wuta, da injin da ke zaune a kanta kowa na kallo. Wanda ya taɓa harhaɗa tarago ɗaya ko biyu na tagulla, ya kuma iya liƙin dalma mai tsabta, zai iya. Wanda bai taɓa riƙe ƙarfen liƙi ba, gara ya fara da tarago.

Wane sikeli ya kamata a zaɓa?

Shawarata ita ce sikelin O na Ingila, wato milimita 7 a madadin ƙafa ɗaya ta awo, kashi 1 cikin 43.5, a kan dogo mai faɗin milimita 32. Dalili shi ne waɗannan injuna ƙanana ne tun asali. Tukunyar da faɗinta bai wuce ƙafa 2 da rabi ba za ta zama milimita 17.5 a wannan sikeli, wanda ya isa ƙaramin injin lantarki ya shige ciki. A sikelin OO, milimita 4 ga ƙafa ɗaya a kan dogo mai milimita 16.5, tukunyar nan za ta koma milimita 10 kacal, kuma nauyin da zai danne ƙafafu su ɗauki wutar lantarki daga dogo yadda ya kamata zai yi ƙaranci. An sha yin sa a OO, ya kuma yi kyau, sai dai aiki ne na wanda hannunsa ya faɗa.

Akwai kuma wani abin lura game da OO. Faɗin dogo na gaske milimita 1435 ne, wanda a wannan sikeli ya kamata ya zama milimita 18.83, don haka dogon 16.5 ya fi ƙunci. A wasu jirage ba a cika lura ba, amma a nan akwatin wuta da giya duk suna tsakanin ƙafafun baya, saboda haka rashin milimita biyun nan na iya hana giya samun wuri. Mai filin lambu da ke son babba zai iya ɗaukar milimita 16 ga ƙafa ɗaya, kashi 1 cikin 19, wanda a kan dogon milimita 32 yake wakiltar siririn layi mai faɗin ƙafa 2.

Zan iya ɗaukar ƙaramar tarakta ta wasa in sauya mata ƙafafu kawai?

Za ka iya, kuma wannan shi ne ainihin abin da masu yankan katako suka yi da manyan. Oxford Diecast na yin taraktocin tururi a kashi 1 cikin 76, Corgi kuma ya yi wasu a kashi 1 cikin 50, waɗanda ƙanƙantarsu ba ta da illa sosai a sikelin O tunda taraktoci girma-girma ne. Matsala biyu ce a nan. Ƙarfen zubi da ake yin su da shi, wanda mafi yawansa zinki ne, ba ya karɓar dalmar liƙi ta yau da kullum, sai dai gam mai haɗi biyu ko sukuru. Sannan tukunyar kan kasance a toshe ko mai kaurin bango, fafe ta kuma da magagari aiki ne mai cin rai. Abin da ya fi shi ne a ciro bututun hayaƙi da silinda da filawil daga jikin abin wasan, a yi sabuwar tukunya da bututun tagulla, a kuma ƙera ƙasan injin, inda ƙafafu suke, sabo gaba ɗaya.

Ina ake samun zane da awo?

Zanen kamfani shi ne mafi inganci idan ya samu, amma hoto mai kyau da aka ɗauka daga gefe sosai yana wadatarwa, muddin an san awo ɗaya tabbatacce, kamar faɗin ƙafa ko tazarar da ke tsakanin aksul biyu. Daga wannan awo ake lissafa sauran. Hoton da aka ɗauka a karkace yana yaudara, domin abin da ke kusa da kyamara ya fi girma. Bayan an zana a takarda daidai girman da za a ƙera, yana da kyau a yi gwaji da kwali, a ɗora injin lantarkin da giyar na gaske a kan zanen a ga ko sun shiga. Yini ɗaya da aka ɓata a kan kwali yana ceton tagulla mai yawa.

Ta ina ake fara ginin?

A nan ya kamata a tsaya a fahimci yadda injin na gaske yake tsaye, domin shi ke nuna yadda za a gina ƙaramin. Tarakta ba ta da firam irin na kan jirgi, tukunyar ce kanta ƙashin bayanta. A 1870 Thomas Aveling ya yi rajistar wata dabara da ta zama ruwan dare daga baya, wato ya tsawaita faifan gefen akwatin wuta zuwa sama da baya, ta yadda kiranshaf da sandunan giya da aksul na baya duk za su zauna a kan faifan nan biyu, maimakon a ɗaure su da jikin tukunya inda jijjiga ke sa ramukan ƙusa su yi yoyo.

Don haka faifan nan biyu su ne zuciyar aikin, da su ake farawa. A yanko falle biyu na tagulla ko farin ƙarfen nikel mai kaurin kusan rabin milimita zuwa 0.7, a liƙa su tare da ɗan ɗigon dalma a gefe, a zana a kan na sama, a huda ramukan duka a lokaci ɗaya, a yanke siffar da siririn zarton maƙeran zinariya, a gyara da magagari, sannan a ɗumama a raba su. Da haka ramukan hagu da na dama za su yi daidai da juna ba tare da an dogara da ido ba. Tazarar ramukan giya kuwa kada a ɗauke ta daga lissafi kaɗai. A jera giyoyin biyu a kan wani guntun falle, a sa siririyar takarda tsakanin haƙoransu don a bar ɗan sarari, a gwada su suna juyawa ba cijewa, sannan a kwafi wannan tazara. Bayan an haɗa faifan da abin raba su a tsakiya, a sa aksul da ƙafafu, a ɗora a kan gilashi a tura da yatsa. Idan bai gangara sumul ba, kada a ci gaba zuwa tukunya, domin duk abin da aka ɗora a kan karkataccen ƙasa sai an sake kwance shi.

Ina za a ɓoye injin lantarki?

Hanyoyi uku ne. Ta farko, a kwantar da shi cikin tukunya, sandarsa ta nufi baya, giya mai murɗe ta juya wata sanda a cikin akwatin wuta, daga nan ƙarfin ya rabu biyu, ɗaya ya sauka zuwa aksul, ɗaya ya hau zuwa kiranshaf. Ta biyu, a tsayar da ƙaramin inji mai akwatin giya a jikinsa, irin wanda ake kira N20, a cikin akwatin wuta ko a ƙarƙashin dandamalin direba inda tankin ruwa yake. Ta uku, a bar kan jirgin babu inji, a ɓoye injin cikin taragon da ke manne da shi kullum yana tura shi.

Ta farko na fi so, domin ƙarfin yana bi ta hanyar da ta yi kama da ta gaske, kuma nauyin injin yana zama tsakanin ƙafafu. Ta uku ita ce mafita a ƙananan sikeli, amma tana da aibi, domin kan jirgin da aikinsa shi ne ɗaukar tarago ɗaya ya ajiye ya koma shi kaɗai ba zai taɓa rabuwa da wancan taragon ba.

Wane rabon giya ake bukata?

Mai yawa fiye da yadda ake zato, kuma a kan wannan ne mafi yawan ƙananan injunan nan ke rasa kamanninsu. Injunan layin Brill matsakaicin gudunsu mil 4 ne a awa, wato tafiyar mutum mai sauri. Mil 4 a awa kusan mita 1.8 ne a daƙiƙa, idan aka raba da 43.5 sai ya zama kusan milimita 41 a daƙiƙa. A ce ƙafar injin na gaske ƙafa 3 ce a faɗi, a sikelin O milimita 21 ke nan, kewayenta kusan milimita 66, saboda haka za ta juya sau 37 kacal a minti. Ƙaramin injin lantarki mai bolt 12 yana tafiya lafiya ne idan yana juyi dubbai a minti, in an rage masa wuta sosai sai ya riƙa fizga yana tsayawa. Idan ana son ya yi juyi 4000 yayin da ƙafa ke yin 37, rabon ya haura 100 da 1. Inda ƙafafun suka fi girma, kamar na The Blue Circle, rabon sai ya ƙaru. Giya mai murɗe ɗaya ba za ta ba da wannan ba, sai an yi hawa biyu ko uku.

Dole ne filawil ya juya?

A ganina dole ne. Abin da ke bambanta wannan inji da kowane kan jirgi shi ne ganin filawil na wulwulawa da sauri, sandar fistan na kai da komo a bisa tukunya, alhali injin kansa yana rarrafe. Idan filawil ya tsaya cak yayin da ƙafafu ke tafiya, mai kallo zai ga abin wasa ne da aka ɗora a kan taya, komai kyan fentinsa.

A mafi yawan taraktocin Ingila filawil yana hagu, giyoyi suna dama. Yana juyawa sau da yawa kafin ƙafa ta kammala juyi ɗaya, kuma bangaren da yake juyawa ya dogara da yawan giyoyin da ke tsakani. Duk inda haƙoran giya biyu suka haɗu, juyin yana komawa baya, sarƙa kuwa ba ta sauya shi. Saboda haka a ƙirga mahaɗan a hoton injin da ake koyi da shi. Idan babu wurin jera giyoyi na gaske, siririn zoben roba da aka ɓoye a bayan murfin giya zai ɗauko juyin daga ƙasa, muddin bai yi tsauri ba har ya danne injin. Filawil ɗin ya zama na tagulla, a kuma tabbatar ba ya rawa, domin ko ɗan karkata kaɗan ido yana kama shi a kan abu mai juyi. Sandar fistan ba ta bukatar fistan a ciki, rami mai ɗan yalwa a silindar ya isa ta shiga ta fita. Ga mai son ƙarin gaskiya, injin silinda ɗaya kan tsaya a inda tururi ba zai iya motsa kiranshaf ba, sai direba ya ja baya kaɗan ko ya taɓa filawil da hannu, kuma ɗan jinkiri irin wannan kafin tashi yana ƙara wa tuƙin armashi.

Me ya sa yake tsayawa a mahaɗar layi, kuma yaya ake magance hakan?

Saboda ƙafafu huɗu a kan firam mai tsauri, uku ne kawai ke taka dogo sosai a kowane lokaci, kamar kujera mai ƙafa huɗu a ƙasa marar daidaito. Maganin shi ne a bar aksul na gaba ya riƙa ɗan lilo a kan wata sanda da ke tsakiyarsa, rabin milimita sama da ƙasa ya isa, ta yadda injin zai tsaya a kan wurare uku kuma duk ƙafafun su taɓa. A sa wayar ɗaukar wuta a kan kowace ƙafa, siririyar waya mai tsalle ta kusan milimita 0.3, tana shafar bayan leɓe a hankali. A duba tazarar bayan ƙafa da bayan ƙafa da ma'auni, milimita 14.5 a OO, kusan 29 a sikelin O mai siraran ƙafafu. Sannan nauyi. A zuba ƙwayoyin dalma a gaban tukunya da cikin tanki, amma a lura nauyin ya faɗa tsakanin aksul biyu, ya ɗan fi karkata ga ƙafafun da ke ja. Kada a kafe ƙwayoyin dalma da farin gam na katako, domin a hankali suna yin tsatsa su kumbura har su fasa tukunya, gam mai haɗi biyu ya fi aminci. Mai amfani da tsarin DCC, wato sarrafa jirgi da saƙon dijital ta cikin dogo, zai amfana da ɗan ma'ajin wuta da ke riƙe injin na daƙiƙa ɗaya ko biyu idan wuta ta yanke.

Yaya ake liƙa ƙananan sassa ba tare da na farko sun warware ba?

Da bin matakan zafi daga sama zuwa ƙasa. Manyan haɗe-haɗe kamar faifan gefe da tukunya a yi su da dalma mai narkewa a digiri 188 na Salsiyos, ƙananan kaya kamar bututu da maɗaurai da mai digiri 145, sassan farin ƙarfen zubi kuma da mai digiri 70, bayan an fara shafa wa tagullar mai 145 a wurin. A wanke aikin da ruwa da sabulu bayan kowane zama, domin ruwan liƙi, wanda ake shafawa don dalma ta kama, yana cin ƙarfe. A kuma tsara yadda tukunya za ta rabu da ƙasan da sukuru biyu, saboda ranar da injin lantarki zai bukaci gyara.

Wane fenti, kuma a bar shi fes ko a tsufar da shi?

Ya danganta da wanda ake koyi da shi. Injin da ya fito daga kamfani kan zo da layukan ado da maɗauran tagulla a tukunya, na Aveling kuma yana ɗauke da dokin tagulla mai tsaye da ƙafafun baya, tambarin Kent, a gabansa. Wanda ya shekara a masana'antar siminti fari-fari ƙura ke rufe shi, sai wuraren da mai ke zuba su yi baƙi suna ƙyalli, musamman haƙoran giya da kewayen kiranshaf. Gefen filawil da hannayen da direba ke kamawa su kasance masu sheƙi. Kafin komai a goge tagullar, a cire maiƙo, a fesa fentin shimfiɗa mai kama ƙarfe siriri, domin fenti mai kauri yana binne kawunan ƙusoshin da aka sha wahalar fitarwa. Tunda babu ɗaki, direban a fili yake, don haka a zaɓi mutum-mutumi mai kyau a tsayar da shi hannunsa a kan sandar tururi.

Za a iya yin mai tururi na gaske?

Za a iya a manyan sikeli, daga milimita 16 ga ƙafa zuwa sama, kuma da yawa sun fara ne da taraktar Mamod, wadda aka fara fitarwa a 1963, suka sauya mata ƙafafu suka ƙara giyar rage gudu. Idan aka bar tukunyar kamfani da bawul ɗinta na kariya yadda suke, aikin bai wuce na ƙasan injin ba. Wanda zai ƙera tukunya da kansa kuwa ya shiga wani fage dabam. Da jan ƙarfe ake yi, da dalmar azurfa mai narkewa sama da digiri 600, domin dalmar da aka ambata a sama ba ta jure wannan zafi, kuma kafin a kunna wuta a ƙarƙashinta sai an cika ta da ruwa an matsa har ninki biyu na matsin da za ta yi aiki da shi, a gaban wanda ya san gwajin. Ƙungiyoyin masu ƙera ƙananan injuna suna da masu duba tukunya, kuma gara a kai musu zanen tun kafin a yanka ƙarfe, domin su ne za su ce ko kaurin bangon da yawan maɗauran cikin akwatin wuta sun isa.